Yadda Kabo Ya Bar Zuwa Jin Jarida

Shekarar da yaƙin Turawa ya yi tsanani, aka aiko kowane gari na ƙasar Batsari ya ba da samari masu ƙarfi. Daga Wagini aka ɗebi 'yan kaɗan, cikinsu har da Armaya'u, ɗan farin Kabo. Lokacin an gama yankan dawa. Kabo bai raka shi bakin mota ba, don ba a san uba da nuna damuwa a kan ɗan fari ba. Ko sunansa ba ya kamawa, sai dai ya ce "yaron nan". Yana gona yana ɗaurin dami ƙanensa Rabe ya zo ya ce masa motar ta tashi. Kabo ya ce, "To," ya ci gaba da ɗauri.

Armaya'u ya bar matarsa Atika da ƙaramin ciki. An ji an kai su Zariya ana koya musu fareti. Daga baya aka ji an zuba su a jirgin ƙasa zuwa Ikko, sun shiga jirgin ruwa. Daga nan ba a ƙara jin komai ba.

A Batsari, kusa da inda ake awon hatsi, akwai wata babbar tsamiya. Ranar kasuwa bayan azahar, Malam Hamma, wanda ke yi wa hakimi rubutu, yakan zauna a gindinta ya karanta wa mutane jaridar da ake kawowa daga Katsina. Kabo ya fara zuwa da hujjar sayar da wake. Sai ya sauke mangala, ya sayar, ya sayi gishiri, sannan ya zagayo ya tsaya can baya kamar mai wucewa. Malam Hamma yana karatu da ƙarfi, yana tsayawa yana bayani. Jamus sun ja da baya a wuri kaza. Jiragen sama sun ƙone birni kaza. Mutanen Japan sun mamaye wata ƙasa da ake kira Bama, kuma can aka nufa da sojan ƙasar nan. Kabo bai taɓa wuce Katsina ba, amma kafin sanyi ya fita ya riga ya haddace sunayen nan. Ya bar tsayuwa a baya, ya koma zama a gaba. In an watse sai ya matsa ya ce, "Malam, ba su ce komai game da yaran Wagini ba?" Malam Hamma ya duba takardar gaba da baya don ya faranta masa, ya ce babu.

Wake ya ƙare, zuwa kasuwa bai ƙare ba. Jaridar ma ta daina isarsa. Ya san direban motar gyaɗa, wanda ke kwana Katsina yana jin abin da ake faɗa a tasha. Ya san fataken da ke zuwa daga Kano. Ya san wani tsohon kuku da ya ce a gidan Baturen da ya yi wa aiki akwai akwati mai magana, kuma har yanzu yana da mai gaya masa abin da akwatin ke faɗa. In kasuwar Batsari ta watse, Kabo ya fara jiran ta Safana, ya yi sammako ya tafi ko da ba shi da abin sayarwa.

Da farko labarin yana jijjiga shi. Ranar da direban ya ce wani jirgin ruwa ya nutse da baƙaƙen soja, Kabo ya dawo Wagini a ƙasa, ya manta jakinsa ɗaure a kasuwa, sai Rabe ne ya koma ya jawo shi. Mako na gaba aka ce ba haka ba ne, jirgin kaya ne. Ranar da wani ɗan koli ya rantse yaƙi ya kusa ƙarewa, Kabo ya sayo goro ya raba a masallaci bai faɗi dalili ba. Yaƙi bai ƙare ba. Haka aka yi ta yi, yau a ɗaga shi gobe a kayar, har wata rana aka karanta cewa an kashe mutane masu yawa a wani kwari cikin dajin Bama, ya saurari kansa ya ji ko gabansa bai faɗi ba. Ya yi zaton hankalinsa ne ya fara kwanciya. Amma da ya isa gida aka ajiye masa tuwo, ya ci ya cinye, bai san ko miyar kuka ce ko ta kuɓewa ba.

Matarsa Suwaiba da can takan tare shi tun daga bakin ƙofa ta ce, "Me aka jiyo?" Shi kuma ya zauna ya zazzage mata duka, Atika tana daga bayan danga tana saurare tana riƙe da taɓarya. Wata rana ya dawo daga Safana ya fara, "Yau an ce Jamus…" Suwaiba ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta.

"Malam, an kira sunan yaron nan?"

"A'a."

"An ce an gama?"

"Ba a ce ba."

"To don Allah ka riƙa barin sauran a zaure. Yarinyar nan duk ranar da ka kawo labari ba ta cin abinci, ga ta da ciki. Ni ma ba na iya barci. In ya tabbata wani abu ya faru, ka gaya mini a tsaye, zan ɗauka. Amma wannan na kullum ya fi ƙarfina."

Kabo ya dube ta. Ya san ya kamata ya ji haushi, ko kunya. Ya jira ya ji wanne zai zo, babu wanda ya zo. Ya ce, "To."

Cikin bazara Atika ta haifi mace. Ranar suna aka raɗa mata Asama'u. Kabo ya zauna ƙofar gida cikin farar riga, mutane suna zuwa suna yi masa barka, yana amsawa yadda ya kamata. Da aka kawo masa jaririyar cikin zane ya karɓa, ya duba fuskarta, ya yi addu'a, ya miƙa. Ji ya yi kamar an ba shi ajiyar wani ya riƙe. Ana cikin fiɗar rago wani ya ce ai ayarin fatake ya sauka Batsari daga Kano. Kafin a fara rabon nama aka nemi Kabo aka rasa.

Rabe ya same shi washegari ya ce, "Yaya, jinkar rumbunka ta lalace. Ga hadari ya fara haɗuwa gabas. In ka yarda gobe mu yanko ciyawa."

"Gobe kasuwa."

"Jibi fa?"

"Sai mu gani."

Ba su gani ba. Rabe yana da gonarsa da iyalinsa, ya yi magana sau ɗaya ya ƙara, ya yi shiru. Damina ta sauka da ƙarfi. Ruwa ya riƙa bin inda jinkar ta ɓule yana shiga, laka tana sha. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, gefen rumbun ya zube. Geron da ya rage na cin damina ya watse cikin taɓo, wani ya yi baƙi, wani har ya tsiro. Suwaiba da Atika suka durƙusa suna tsince abin da za a iya shanyawa. Maƙwabta suka taru suna jajantawa. Kabo ya tsaya da hannu a baya yana kallo. Ya san abincin gidansa ne, ya san da hannunsa ya nome shi, amma yana kallonsa ne kamar yadda yake jin an ƙone birni kaza. Abin da ya zo masa a rai shi ne, yau da wannan ruwan motar Katsina ba za ta iya haye rafi ba, ke nan jarida sai wani mako.

Rabe ne ya ciyar da gidan har aka yi sabon gero. Kabo ya yi noma a daminar, amma noman wanda jikinsa kaɗai ke gona. In ya kai ƙarshen kunya sai ya tsaya ya rasa ko ya nome ta ko bai nome ba. A sallah yakan idar bai san surar da ya karanta ba. Ba ya kuka, ba ya faɗa da kowa. Mutane suna cewa Kabo akwai haƙuri.

Bayan kaka ya ji a kasuwar Safana cewa wani soja ya dawo Tsaskiya, an sallamo shi saboda rauni, kuma daga Bama ɗin ya fito. Sunansa Yero, Bafillace ne, rugarsu tana bayan gari wajen dajin Rugu. Kabo bai gaya wa kowa ba. Ya yi asubanci ya hau jaki.

Hantsi ya yi sosai lokacin da ya isa. Shanu sun fita kiwo, ba kowa sai wata tsohuwa tana wanke ƙore, da wani saurayi siriri zaune a ƙasa kusa da turke, ya danne ɗan maraƙi da gwiwa. Hannunsa na dama babu yatsu biyu. Kabo ya yi sallama, saurayin bai ji ba, sai da tsohuwar ta jefa masa ɗan tsinke ya waiwayo. Ya juyo da kunnen hagu, suka gaisa. An tambayi gajiya, an tambayi gida, an tambayi dabbobi da sanyi, an yi masa barka da dawowa.

"Daga Wagini nake," in ji Kabo. "Akwai wani yaro na gidanmu da aka ɗauka. Dogo ne, yana da tabo a haɓa." Ya yi ɗan jim, sannan ya faɗi sunan da bai taɓa faɗa gaban mutane ba. "Armaya'u."

Yero ya yi tunani da gaske, ya girgiza kai. "Ban san shi ba, Baba. Muna da yawa ƙwarai. An rarraba mu tun a jirgi."

Kabo ya gyara zama. Ya fara jero abin da ya sani. Ko Yero ya je gari kaza? An ce an karɓe shi. Kogin nan da aka ce an haye, da shi aka haye? Gaskiya ne Japan sun fara janyewa ta kudu? Ya faɗi sunayen wurare ɗaya bayan ɗaya, yadda Malam Hamma ke faɗarsu. Yero yana saurare da kunnensa mai ji, bakinsa a ɗan buɗe.

"Baba, ka fi ni sanin yaƙin nan," ya ce, ba da ba'a ba. "Ni ban san sunan ko'ina ba. Daji na sani, da ruwan da ba ya ɗaukewa, da kayan da aka ɗora mini a kai. A ce mu tashi mu tashi, a ce mu kwanta mu kwanta. Wanda ke gabana na sani da wanda ke bayana." Maraƙin ya yunƙura zai ƙwace. "Don Allah kama mini kansa, hannun nan ba ya riƙo."

Kabo ya durƙusa ya kama kan maraƙin ya kwantar a cinyarsa. Yero ya ci gaba da cire masa kaska a bayan kunne da ƙarƙashin wuya, yana tsinke su ɗaya-ɗaya da yatsun da suka rage, yana jefawa cikin toka. Aikin ba ya son gaggawa. Maraƙin yana huci, numfashinsa mai ɗumi yana bugun hannun Kabo.

"In wani abu ya sami mutum fa?" Kabo ya tambaya. "A jarida ake faɗa?"

"Wace jarida? Su wa muke da za a sa mu jarida? Ana aiko wa hakimi, hakimi ya aiko wa maigari, maigari ya zo har ƙofar gida. Haka aka yi wa iyayen wani da muka tafi tare. Ba su je ko'ina nema ba, suna zaune labarin ya same su." Ya ɗaga ƙafar maraƙin ya duba. "In ba a zo maka ba, to ba a zo ba."

Kabo ya gyara riƙon kan maraƙin.

"Ni dai a can," Yero ya ce, yana kallon aikinsa, "in abin ya yi mini yawa, sai in ce yanzu gari ya waye a gida, inna tana tatsa. In ce yanzu an kora shanu. Ban san ko lokacin ya yi daidai ba, an ce ranarsu ba ta fitowa tare da tamu. Amma haka nake yi. In na ga kowa yana wurin aikinsa sai in ji da sauƙi." Ya saki ƙafar. "Shi ke nan, Baba, sake shi."

Maraƙin ya miƙe ya girgije ya tafi. Tsohuwar ta kawo nono a ƙwarya, Kabo ya sha, ya yi godiya. Yero bai ƙara cewa komai game da yaƙi ba, Kabo kuma ya ga ba shi da sauran tambaya. A hanyar komawa bai yi wani tunani mai tsawo ba. Gwiwar wandonsa tana warin maraƙi, ya lura da wannan.

Ranar kasuwa ta zagayo, ƙafarsa ta kai shi Batsari kamar kullum. Ya zauna gindin tsamiya a wurinsa na gaba. Malam Hamma ya karanta, mutane suna kaɗa kai, wasu suna gardama kan ko Jamus za su kai baɗi. Kabo ya dubi fuskokin. Yawancinsu ba su da kowa a can. Sun zo su ji, su yi mamaki, su tafi su ci tuwo. Da aka watse ya tashi bai yi tambayarsa ba. Kafin ya fita kasuwa ya gwada tuna abu ɗaya da aka karanta, ya kasa.

Da yamma ya leƙa gidan Rabe, ya same shi yana gyaran ƙotar hauya.

"Kana zuwa kasuwa kowane mako?"

"Ina zuwa, Yaya."

"To ina son ka riƙe mini wani abu. In an ce an gama yaƙi, ka gaya mini. In an ambaci Wagini ko wani ɗan garin nan, ka gaya mini. Abin da ba wannan ba, ka bar shi can. Ko na tambaye ka kada ka faɗa."

Rabe ya ɗago ya dube shi. "Ko ka tambaya?"

"Ko na tambaya."

"Kai fa, ba za ka ƙara zuwa ba?"

"In wata ya kama sai in je in yi cefane in dawo. Ba zan bi ta tsamiya ba." Ya ɗan tsaya. "Gobe zan fara ɗebo ƙasa. A ina ka samo wadda ka yi naka rumbun?"

Abin bai zo da sauƙi ba. Ranar kasuwa tun da safe yake jin jakuna suna wucewa ta bayan gida, jikinsa ya riƙa tsuma kamar wanda ya saba da goro aka hana shi. Sai ya ga kamar yau ne za a karanta abin da ya daɗe yana jira, kuma in bai je ba laifinsa ne. Wata rana har ya ɗaura wa jaki akumari ya kai bakin gari, ya tsaya, ya juyo. Wata rana kuma bai juyo ba, ya je ya ji, ya dawo kansa a cushe, ya kwana biyu bai taɓa laka ba. Da yamma in Rabe ya dawo kasuwa, Kabo yakan sami dalilin bi ta ƙofar gidansa.

"Lahiya aka watse?"

"Lahiya lau, Yaya."

"Ba wani abu?"

"Babu naka."

Wani lokaci Kabo ya ƙara, "To me aka ce?" Rabe ya ce, "Gishiri ya ƙara tsada," ya shige gida.

Rumbun ne ya riƙe shi. Ya jera duwatsu ya daidaita, ya shimfiɗa itace. Ya haƙo jar ƙasa daga bayan dutse, ya zuba ruwa, ya yayyanka ciyawa ya watsa, ya shiga da ƙafa yana kwaɓawa har ta yi danƙo. Ginin rumbu ba ya yarda a yi masa sauri. Sai ka ɗora zagaye ɗaya, ka shafe ciki da waje da tafin hannu, ka bar shi ya sha iska kafin ka ƙara. In hankalinka ya tafi wani wuri, bangon ya karkace, kuma gobe za ka gani. Sau da yawa Kabo ya rushe aikin jiya ya sake. A hankali ya gane cewa muddin hannunsa yana cikin laka, idonsa yana kan kaurin bangon, sunayen garuruwan nan suna yin nisa. Ba su tafi ba. Amma sun daina magana a kunnensa.

Mutanen gari suka yi ta faɗin albarkacin bakinsu. Wasu suka ce ya fid da rai ne. Wasu suka ce kunyar ɗan fari ce ta dawo masa, da ma abin da yake yi bai dace ba. Direban motar gyaɗa ya aiko a tambaya ko ba shi da lafiya. Kabo ya ce a gaya masa yana gini.

Ba wani farin ciki ne ya zo masa ba. Kwanaki da yawa yana nan yadda yake, yana aiki, yana ci, yana kwanciya. Abin da ya fara dawowa ma haushi ne. Asama'u ta fara tafiya, ta lallaɓo wata rana ta dafa ɗanyen bangon da hannu biyu, ta turmusa shi ciki. Kabo ya daka mata tsawa da ƙarfin da shi kansa ya ba shi mamaki. Yarinyar ta fashe da kuka, Atika ta rugo ta ɗauke ta. Ya tsaya zuciyarsa tana bugawa. Ya wanke hannu, ya je bakin danga ya ce a miƙo masa ita. Ya ɗora ta a kafaɗa ya yi ta zagaya tsakar gida har ta yi shiru ta kama kunnensa tana ja. Suwaiba tana tankaɗe, ta ɗago ta dube su, ta mai da kai.

Aka gama rumbu kafin zafi, aka yi masa sabuwar jinka. Da aka yi ruwan shuka Kabo ya shuka gonarsa, sannan ya shuka ta Armaya'u da ta kwana biyu ba a taɓa ba, ya sa mata wake. Kowace asuba bayan sallah yakan yi wa yaron addu'a, ya shafa, ya tashi. Nan ya ajiye masa wuri. In tunanin ya zo da rana, yakan ce masa sai asuba, wani lokaci ya tafi, wani lokaci ya ƙi.

Ana tsakiyar noman maimai Rabe ya zo gona da rana, ba ranar da ya saba zuwa ba. Kabo ya hango shi tun daga nesa ya dogara da hauya.

"Yaya, an gama. Japan sun ajiye. Yanzu aka yi shela a Batsari."

"An ce wani abu game da yaran?"

"Ba a ce ba. An dai ce za a dawo da su, amma ba yanzu ba, sai an sami jirage."

Kabo ya ce, "Alhamdu lillahi." Ya zauna kan kunya na ɗan lokaci. Sannan ya ce Rabe ya je ya gaya wa Suwaiba, shi zai ƙarasa wannan layin.

Sai da aka sake cin wata kaka, aka yi rani, sannan Armaya'u ya dawo. Ya sauka daga mota da akwatin ƙarfe da takalma masu nauyi, ya rame, ya yi duhu. Cikin waɗanda suka tafi tare daga Wagini akwai wanda bai dawo ba. Gida ya cika da mutane. Armaya'u ya durƙusa ya gai da ubansa, Kabo ya ce, "Ka dawo lahiya?" ya kau da kai gefe yadda aka saba. Asama'u ta ɓuya bayan uwarta, ta ƙi zuwa.

Kwanakin farko zaure ba ya rabuwa da baƙi. Kowa yana son ya ji. Yaya teku take? Gaskiya ne mutanen Japan gajeru ne? Ya harbi wani? Armaya'u yana amsawa da kalma ɗaya-ɗaya, ya jingina da bango yana kallon ƙofa, gumi yana tsatsafo masa a goshi. Kabo ya lura. Rana ta gaba ya ɗauko buzunsa ya shimfiɗa a bakin zaure. Duk wanda ya zo, su gaisa, ya ce, "Yana hutawa. An gode." Har Malam Hamma ya aiko yana son sojan ya zo gindin tsamiya ya ba mutane labari da bakinsa. Kabo ya ce a gaya wa Malam sai yaron ya ga dama. Shi kansa bai tambaye shi komai ba.

Damina ta sauka suka fita gona tare. Armaya'u ya manta riƙon hauya, hannunsa ya yi kanta, amma bai yi ƙorafi ba. Suna noma kafaɗa da kafaɗa, yini guda ba a yi maganar da ta wuce ta ruwa da ciyawa ba. Wata rana suka zauna inuwar ɗorawa suna shan fura, aka fara yayyafi. Armaya'u ya riƙe ludayi bai kai baki ba.

"Akwai wani mutumin Dutsin-ma," ya ce. "Sodangi. Tare muke ɗaukar kaya. Zazzaɓi ne ya kama shi, ba harsashi ba. Ni na goya shi har inda muka kwana." Ya juya ludayin a hannunsa. "Ƙasar wurin ruwa ce, in ka haƙa sai ta cika. Da hannu muka yi ta kwalfewa. Ni na yi masa sallah, Baba, ban ma san ko na yi daidai ba."

Kabo ya ajiye ƙwaryar. Ya juyo gaba ɗaya ya dubi ɗansa a fuska, abin da bai taɓa yi ba tun yaron yana ƙarami.

"Kabbara nawa ka yi?"

"Huɗu."

"Ka yi daidai. Allah ya jiƙansa."

"Amin."

Kabo ya ji idonsa ya kawo ruwa, bai goge ba. Ya jira ko akwai saura. Armaya'u ya kai ludayin baki ya sha, ya miƙa wa ubansa ƙwaryar. Yayyafin bai yi ƙarfin da zai hana aiki ba, suka tashi suka ɗauki hauya.